Dokar Kashe Wuta

A kwalejin nan ba mai kiranta da sunanta. Daga mai gadin ƙofa har shugaban sashe, Mai Makulli kowa ke ce mata, saboda makullan da take ratayawa a wuya da tsohuwar igiyar takalmi. Tun tana ƙasan bene ake jin ƙararsu, ɗalibai su yi maza su sauke ƙafafu daga kan kujeru. Guda bakwai ne: na ƙofar ɗakin gwajin na'urorin sadarwa, na ƙyauren ƙarfen da ke bayanta, uku na kabad, ɗaya na kejin na'urori, sai wani ɗan mitsitsi na akwatin wuta da ke jikin bango.

Shekara goma sha tara ke nan tana riƙe da ɗakin, kuma ba don wannan aikin aka ɗauke ta ba. Mai buga takardu ce, tun zamanin da tafireta ke da mutunci. Ranar da aka kawo na'urorin cikin kwalaye, injiniyan da ya zo haɗa su ya nemi mai kyan rubutu da zai riƙa manna wa wayoyi lamba, aka turo masa ita. Ya yi mako uku ya kama gabansa. Bayan tafiyarsa aka duba aka ga duk ginin ba wanda ya san inda kowace waya ta dosa sai mai buga takardu. Haka ta zauna. Littattafan da suka zo cikin kwalayen, masu kaurin bulo, ta bi su shafi-shafi da ƙamus a gefe, lokacin da abokan aikinta ke hira a inuwa. Malamai sun zo sun wuce, wasu da digiri biyu, wasu da uku. Su ke rubutu a allo, ita ke sa ƙarfe ya yi magana, kuma ranar ɗaukar hoton yaye ɗalibai ba a cika tunawa a kira ta ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, rauta wani shimfiɗaɗɗen akwatin ƙarfe ne mai 'yan fitilu a goshi, aikinta ta karɓi saƙo ta san hanyar da za ta tura shi. Guda shida ne a ɗakin, an jera su hawa-hawa cikin keji ɗaya a tsakiya. Ukun sama na teburin taga ne, ukun ƙasa na teburin ƙofa. Kowace rauta ana ɗaukarta a matsayin gari guda. Kebul ɗin da ya haɗa ta da 'yar'uwarta bai fi kamu biyu ba, amma a ɗakin nan tafiyar yini ce a mota. Aikin ɗalibi ya ba kowane gari adireshi, ya sanar da kowace rauta hanyar zuwa sauran, har kwamfutar da ke wannan ƙarshe ta ƙwanƙwasa wa ta wancan ƙarshe ƙofa, amsa ta dawo a allo.

Sai dai rauta tana da wani hali. Tana da kai, tana da littafi. Duk abin da ka rubuta mata a kanta yake zama, ana ɗauke wuta ya bi iska. Sai ka ba ta umarnin ajiyewa sannan take kwafe shi cikin littafinta, wanda take karantawa duk lokacin da ta farka. Shi ya sa ba ɗalibin da ya bi ta hannun Mai Makulli bai haddace kalmominta uku ba: rubuta, gwada, ajiye.

Don kalmar ƙarshen nan ta kafa dokarta. A ƙarshen kowane gwaji, bayan kowa ya nuna amsarsa yana washe baki, sai ta taka zuwa bango, ta sa ɗan makullin, ta ja hannun akwatin wuta ƙasa. Ba ta taɓa tambayar ko an shirya ba. Ta ƙirga goma, ta mayar. Wanda ya ajiye, aikinsa ya tashi da ransa, wanda bai ajiye ba kuwa ya ɗauki sifilinsa ya kama hanya. Akwai shekarar da yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu ta durƙusa tana kuka, tana riƙe da gefen rigarta. Mai Makulli ta zare rigar a hankali ta ce, "'Yata, a wurin aiki wuta ba ta sallama kafin ta tafi." Gaskiya ta faɗa. Amma in za a faɗi ɗaya gaskiyar, tana ɗan jin daɗin shirun nan na ƙirgen goma.

Tana da wata ɗabi'a kuma da ba kowa ya lura da ita ba. Duk na'urar da ta taɓa wa ciki, sai ta manna mata guntun salatif rawaya a baya, ba ta cire shi sai ta mayar da komai yadda yake.

A bana takarda ta sauko daga sama. Duk mai riƙe da ɗakin gwaji, in ba shi da takardar shaida, dole ya zauna jarrabawar aikin hannu tare da duk wanda ya nemi kujerar daga waje. Wanda ya ci shi ke da ɗakin. Daga waje mutum ɗaya ne ya tsallake tantancewa. Shugaban sashe ya kira ta ofis ya ce kada ta damu, ko ta faɗi ba korarta za a yi ba, akwai gurbi a ɗakin tsofaffin fayil har ta cika shekara huɗun da suka rage mata kafin ritaya. Ya faɗa da fuskar wanda ya yi kyauta.

Safiyar Litinin ɗin jarrabawar ta fito tsakar gida ta tarar da mijinta a kan kujerar roba, hannunsa na dama cikin farin ɗauri. Tsohon direban bas ne, ya ajiye tuƙi da idonsa ya fara rauni. Larabar da ta wuce ya zame a banɗaki ya karya wuyan hannu, maƙwabciya ta kira ta a waya tana tsakiyar aiki, ta fito a guje ko jaka ba ta ɗauka ba.

"Injiniya," ya ce, "takalmin naki ɗaya baƙi ne, ɗaya ruwan ƙasa."

Ta duba ƙafarta da sauri. Duka baƙaƙe ne.

"Malam, yau ba ranar wasa ba ce."

"Shekara nawa kina kayar da 'ya'yan mutane a ɗakin nan? Yau ke ce a kan kujerar. Ki bar ni in ɗan huta da raina." Ya tura mata kofin shayi da hannun hagu, rabi ya zube a tire. Da ya ga ba ta yi dariya ba ya sauke murya. "To in sun ba shi, sai me? Ba aikin za su karɓe ba."

"Ƙarƙashin bene ɗakin fayil ɗin yake," ta ce. "Shekara huɗu ina zaune ina jin takun yara a kaina suna hawa ɗakina."

Ta gyara masa majanyin da ya rataye hannun, ta kurɓi shayin sau biyu, ta fita.

Mutum uku ta tarar a bakin ƙofa suna jiran ta buɗe. Shugaban sashe, sai alƙalin jarrabawar da aka gayyato daga waje, wani siririn dattijo da agogon tsere a wuya, wanda ta sa wa suna Mai Agogo nan take a ranta. Na ukun shi ne abokin karawarta. Mako uku ta yi tana shirya masa ƙiyayya, tana kiransa Mai Digiri tun kafin ta gan shi, tana zaton wani mai ɗaga kafaɗa da turare. Sai ga mutum mai kusan shekara talatin da biyar, rigarsa ta sha guga amma wuyanta ya fara cinyewa. An ce shekara shida yana gyaran wayar hannu a wata 'yar rumfa bakin tasha, digirin yana cikin akwati.

Ya rusuna. "Mama, ina kwana. An ce ke kika haɗa ɗakin nan." Ya leƙa kejin ta ƙofa kamar yaro a shagon alewa. "Inda na yi karatu rauta biyu gare mu, ɗayar ma ba ta tashi."

"Lafiya lau," ta ce a taƙaice. Haushi ya kama ta da ya hana ta abin jin haushi.

Tun da ita ta share abin da ke rubuce cikin na'urorin ranar Alhamis, don ba wani da zai iya, Mai Agogo ya naɗe takardu biyu ya ce kowa ya ɗauka, kada wani ya ce an yi masa shiri. Ta ɗauki teburin taga, rauta ɗaya zuwa uku. Mai Digiri ya samu teburin ƙofa, huɗu zuwa shida. Shugaban sashe ya karanto sharuɗɗa: awa biyu, ba magana tsakanin masu jarrabawa, ba taɓa na'urar wani, kuma a ƙarshe za a kashe wuta a ƙirga goma, abin da ya tashi bayan nan shi kaɗai za a duba. Wannan na ƙarshen ya karanta shi da ƙarfi kamar a kansa aka fara tunaninsa. Mai Agogo ya miƙo hannu, ta ciro ɗan makullin daga igiya ta ba shi. Ƙarfe tara daidai ya danna agogo.

Da ta ɗora yatsu a kan maɓallai tsoron ya sauka. Yatsun mai buga takardu ne, ba sa neman ido. Rauta ta ɗaya ta ba ta suna, ta raba adireshi, ta buɗe ƙofofinta, ta gwada, ta ajiye. Ta biyu ita ce ta tsakiya, mai fuska biyu, ta fi cin lokaci, amma kafin goma saura kwata ita ma ta shiga littafi. Ta uku ta rubuta mata komai, saura kebul ɗin da zai haɗa ta da ta biyu. Ta tashi ta zaga bayan keji. Kan kebul ɗin ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa, ta durƙusa ta ɗauka, gwiwarta na ƙara.

A nan ta gan shi. Guntun salatif rawaya, a can ƙasan bayan rauta mai lamba biyar, inda mai tsaye ba zai taɓa hangowa ba.

Laraba ta dawo mata gaba ɗaya. Ɗalibai sun kulle lamba biyar da kalmar sirri sun manta, abin da suke yi kusan kowane wata. Hanyar buɗe irin wannan kulle ɗaya ce: akwai wata lamba mai gida huɗu a cikin rauta, ka canza sifilin cikinta ya koma huɗu, ma'ana ka ce mata, in kin farka kada ki karanta littafinki. Ta farka ba ta san kowa ba, ka shiga ka gyara, sannan ka mayar da sifilin. Ta canza lambar, ta manna salatif, sai wayar maƙwabciya ta shigo. Ranar Alhamis kuwa, da idon da bai yi barci ba, ta kunna su duka don ta ga ko akwai saura a cikinsu. Lamba biyar ta farka fayau ba komai, ta ɗauka shararriya ce, ta wuce ta gaba.

Ma'anar abin a fili take. Ko sau ɗari Mai Digiri ya ajiye aikinsa, ana kashe wuta rautarsa ta tsakiya za ta tashi ba ta karanta ba, garuruwansa biyu su rabu. Mai Agogo zai ce bai ajiye ba. Shi kansa zai zaci haka.

"Akwai matsala ne, Malama?" Muryar Mai Agogo ce daga gaban keji.

"A'a. Kebul ne ya faɗi."

Ta soka kebul ɗin ta koma kujerarta. Ta sa kwamfutar wannan ƙarshe ta ƙwanƙwasa wa ta wancan. Amsa ta dawo, layi huɗu reras. Ta ɗaga yatsu za ta ci gaba, sai ta ji ƙarar maɓallan teburin ƙofa, idonta ya tafi can. Daga inda take tana ganin gefen allonsa. Ya buga umarnin ajiyewa, rauta ta amsa, ya sake bugawa. Sau biyu yake ajiye komai, irin na wanda wuta ta taɓa yi wa rashin mutunci. Da ɗalibinta ne da ta dafa kafaɗarsa.

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ƙarfe goma da minti goma.

Ba ita ta ba shi teburin ba, ta ce wa kanta. Takarda ya ɗauka da hannunsa, da ita ta ɗauko waccan da ita abin zai ci. Ba da gangan ta yi ba. An ma hana magana. Kuma mai cikakken sani ai yana duba lambar nan, tana nan a layin ƙarshe na bayanin da rauta ke bayarwa game da kanta, in bai duba ba wannan ma jarrabawa ce. Hujjojin suka yi ta zuwa da kansu, kowace da kyanta, kuma ko ɗaya ba ta gamsar da ita ba.

Goma da rabi. Fankar sama tana ta kaɗa iska mai ɗumi, gumi na bin bayanta. Shugaban sashe na latsa wayarsa a bakin taga. Ta shiga roƙo a ranta Mai Digiri ya duba lambar da kansa, ya gyara, kowa ya huta. Ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, ya bi adireshi ɗaya bayan ɗaya da bakin biro a kan allo. Bai buɗe wancan bayanin ba. Wa zai buɗe? Ba wanda ke zargin na'urar da aka ce masa an share.

Sai fushi ya taso mata. Shekara goma sha tara. Ita ta kwana biyu tana tsane ruwa da tsumma lokacin da rufin ya yi yoyo. Ita ta san rauta mai lamba biyu sai an ɗan danna kebul ɗinta gefe kafin ta kama. Yanzu kuma ta tashi da bakinta ta ce, gaban baƙo, gaban mutumin nan mai neman dalili, ta bar na'ura a buɗe kwana biyar? Cewa za su yi tarko ta haƙa, tsoro ya sa ta tona. In ta yi shiru kuwa, gobe da safe ita za ta buɗe ƙofar nan, ta zaga baya ta ɓare salatif ɗin, ta mayar da sifili, magana ta mutu. Ta hango goben sarai. Ta hango kanta tana tsaye gaban sababbin ɗalibai tana cewa rubuta, gwada, ajiye, ta ji kalmomin sun yi mata ɗaci a baki tun yanzu.

Sha ɗaya saura minti goma sha biyu Mai Digiri ya jingina da kujera, ya sauke numfashi, ya haɗa hannuwa a ƙirji. Ya gama. Ya ɗan juyo ya yi mata murmushin gajiya, irin wanda ake yi wa abokin tafiya.

Ta ƙara cinye minti uku tana kallon agogon bango. Sannan ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, ina da magana. Da kai, ba da shi ba."

Mai Agogo ya matso. "Ina ji."

"Rauta mai lamba biyar ba daidai take ba. A duba lambar farkawarta. Huɗu ce a inda ya kamata a ga sifili."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya taka zuwa teburin ƙofa, ya ce wa Mai Digiri ya matsa. Ya buga umarni da yatsa biyu, a hankali kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Rubutu ya zubo. Ya bi shi har layin ƙarshe ya tsaya. Mai Digiri ya leƙo ta kafaɗarsa, fuskarsa ta canza, ya dafa tebur.

"Wa ya shirya na'urorin?" in ji Mai Agogo.

"Ni."

Shugaban sashe ya riga ya ajiye waya. "Malama, kin san abin da wannan ke nufi? Na'urar abokin takararki? A gaban baƙo?"

"Na sani, Yallaɓai. Ranar Laraba na buɗe ta, aka kira ni maigidana ya faɗi, ban dawo kanta ba. Akwai salatif ɗina a bayanta, a durƙusa a gani. Ɗazu na gan shi."

"Ɗazu yaushe?" Mai Agogo ya tambaya.

Za ta iya cewa yanzun nan. "Goma da 'yan mintoci," ta ce.

Ya dubi agogonsa, ya dube ta, ya rubuta wani abu a takardarsa. Bai ce ta kyauta ba, bai ce ta ɓata ba. Ya ce laifin na'ura ba na mai jarrabawa ba ne, Mai Digiri ya gyara lambar da hannunsa, kuma agogo bai tsaya ba. Layi ɗaya ne gyaran. Mutumin ya buga shi, ya ajiye, ya sake ajiyewa.

Ta koma ta zauna, saura minti biyu. Ƙirjinta ya yi sakayau, rabon da ta ji haka tun kafin takardar nan ta sauko. Ta sake ƙwanƙwasawa don ta tabbata. Layi huɗu suka dawo. Ta zuba musu ido tana maida numfashi.

"Lokaci ya cika. A ɗaga hannu daga kan maɓallai."

Mai Agogo ya duba allonta, ya duba nasa, duka biyun suna amsawa. Ya taka zuwa bango, ya sa ɗan makullin, ya buɗe akwatin. Ita kuwa, don sabo, bakinta ya shiga motsi da kalmomin da take ji a ranta duk lokacin da hannu ya doshi akwatin nan. Rubuta. Gwada. Ta ɗaya ta ajiye. Ta biyu ta ajiye. Ta uku ta rubuta, ta zaga baya, ta dawo ta gwada, sannan ta ɗora hannu a cinya.

Ba ta ajiye ta uku ba. Kalma biyu ce umarnin, maɓallan suna nan tazarar taƙi ɗaya daga yatsunta. Ta buɗe baki za ta ce a dakata. Shekara goma sha tara ba ta dakata wa ɗan kowa ba. Ta rufe bakin.

Hannun akwatin ya sauka. Fitilu suka mutu, fankokin na'urori suka yi ƙasa da murya har suka yi shiru. Mai Agogo ya fara ƙirge a fili. Ba ta taɓa sanin goma na da tsawo haka ba, don kullum ita ke tsaye a bango.

Wuta ta dawo. Rauta ba ta tashi da garaje, sai ta yi minti uku tana karanta kanta, duk suka tsaya suna kallon fitilu na kamawa ɗaya bayan ɗaya. Mai Digiri ya ƙwanƙwasa, amsarsa ta dawo. Ta ƙwanƙwasa. Allon ya yi jim, ya ce ba amsa. Ya sake cewa ba amsa, har sau huɗu. Ta juya ga rauta ta uku, ta tarar da tambayar da ta gani a allon ɗalibai ba adadi, tambayar sabuwar na'ura da ba ta san sunanta ba: ko ana so a fara shirya ta daga farko?

"Yallaɓai," Mai Digiri ya miƙe tsaye, "aikinta ya yi. Kai ma ka gani kafin a kashe. Saboda ni ne hankalinta ya rabu, da ta yi shiru ai da..."

"Zauna, ɗana," ta ce. "Ban ajiye ba."

"Mama, minti ɗaya kawai za a ba ki."

"Abin da ya tashi bayan wuta shi ake dubawa. An karanta mana."

Mai Agogo ya daɗe yana kallon takardarsa. Ya rufe biro, ya miƙo mata ɗan makullin da hannu biyu. Shugaban sashe ya fita amsa wayar da ba ta yi ƙara ba.

A gida ta ba mijinta labarin tana tsaye, ko mayafi ba ta cire ba. Ya saurara har ƙarshe bai sa wasa ba.

"Da ban faɗi a banɗakin nan ba," ya ce.

"Kar ka fara, Malam. Kai ka karya hannu, ni na manta lamba. Kowa ya riƙe nasa."

"Kin yi da-na-sanin magana?"

"Na yi," ta ce. "Tun daga bakin kwaleji har tasha ina yi. A cikin mota ya sake ni. Wataƙila gobe ya dawo." Sai ta zauna a bakin tabarma ta yi kukan da ta riƙe tun safe, shi kuma ya yi ta bubbuga bayanta da hannun hagu, ba daidai ba.

Takardar sakamako ta fito bayan mako biyu, yadda kowa ya zata. Ranar miƙa ɗaki ta zo da wuri ta share, ta goge allunan kwamfutoci, ta zaga bayan keji ta ɓare salatif ɗin. Da Mai Digiri ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa sai da ta ce masa ya shigo, ɗakinsa ne. Ta ciro igiyar daga wuyanta ta bi makullan da shi ɗaya bayan ɗaya. Wannan sai ka ɗaga ƙofar da gwiwa. Wannan kabad ɗin wayoyi ne, ka ƙirga su duk Juma'a, yara na tafiya da su ba da niyya ba. Ta nuna masa kebul ɗin lamba biyu mai son a danna shi gefe. Ta ba shi naɗin salatif rawaya, ya karɓa bai tambayi amfaninsa ba.

Ya rage ɗan mitsitsin. Ta riƙe shi tsakanin yatsu ta ɗan jima.

"Wannan na wuta ne," ta ce. "Kafin ka ja hannun, ka juyo ka tambaye su ko kowa ya ajiye. Sau ɗaya. Ka ba su ƙirgen goma, sannan ka kashe."

Ya dubi makullin. "Mama, an ce mini dokar ɗakin nan ba a tambaya."

"Ni na kafa ta," ta ce.

Ta sa masa makullin a tafin hannu, ta ɗauki jakarta. Tana sauka bene ɗaliban safe na hawowa, suna ta hayaniya da ture-ture, ba wanda ya ji zuwanta sai da ta ce su ba ta hanya.